Sarewar da Na Yi wa Ƙunshi

Abubuwa da yawa na shekarar da na haifi Hanifa sun ɓace min, don rabin kwanakin a gigice na yi su. Amma ranar bikin Auta a Miri, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko yanzu da na zauna rubutawa sai da na rufe fuska da tafin hannu, alhali ni kaɗai ce a ɗakin.

Bari in fara da kaina, don a san irin wadda aka ba wa ajiya. Ni mace ce mai fargaba. Karatuna bai wuce firamare ba, amma duk abin da malamar asibiti ta faɗa ranar awo ko ranar rigakafi, daram yake zama a kaina, har in ƙara masa nawa. Idan ta ce a tafasa ruwan shan yaro, ni sau biyu nake tafasawa. Idan Hanifa ta yi atishawa ɗaya, na fara laluben hijabi. Mijina, Baban Hanifa, keke yake ja a cikin gari, muna haya a Gwallaga, ɗaki da falo. Yakan ce da za a biye min, da iskar ɗaki ma sai na tace ta da rariya kafin yarinyar ta shaƙa.

Surukina, wanda kowa ke kira Baba, manomi ne a Miri. Da ƙuruciyarsa ya yi kiwon shanu, a can ya koyi busa sarewa da sassaƙa ta. Yana da wata al'ada tasa shi kaɗai: duk 'yarsa da za ta yi aure, sai ya sassaƙa mata sabuwar sarewa da hannunsa, ya busa mata a ƙofar gida lokacin da za a fita da ita, sannan a sa sarewar a cikin kayanta ta tafi da abinta. 'Ya'yansa mata huɗu duk sun samu. Saura Auta, ƙanwar mijina ta ƙarshe, wadda bikinta ya rage wata biyu.

Ana cikin haka aka ce za a yi wa Baba aikin ido, don yanar ido ta rufe masa gani. Ya sauka a wurinmu kwana tara, don mun fi kusa da asibiti. Kafin ranar aikin, kullum da hantsi yana zaune a ƙofar falo yana kankarar wani itace da 'yar wuƙa, da lalube, don idon ba ya taimakonsa. Ni kuwa ina leƙe ta bayan labule. Sarewar Auta ce. Tsawonta ya ɗan wuce kamu guda, jikinta fari-fari, babu santsi ko kaɗan, da huda uku a jere, wurin ta huɗun kuma an ɗiga masa alama da gawayi. Na ji yana gaya wa Baban Hanifa cewa reshen maɗaci ne, shekara biyu yana rataye a rufin ɗakinsa yana bushewa a hankali kafin ya huda cikinsa da ƙarfe mai zafi.

Bayan aikin, likita ya hana shi sassaƙa, ya hana shi sunkuyo, ya hana shi zama kusa da hayaƙi har sati shida. Ranar da zai koma gida ya sa aka kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

"'Yar nan, karɓi wannan ki ajiye min," in ji shi. "Idan na tafi da ita gida hannuna ba zai haƙura ba, jikoki ma ba za su bar ta ba. Ke na ga kina da tsafta da lura."

Na ce, "To, Baba."

Iyakar maganar ke nan. (Wani zai ce me ya hana ni tambayar yadda ake ajiye ta. To, shekara biyu da aurena a lokacin, ban taɓa haɗa ido da Baba ba, ban taɓa yi masa maganar da ta wuce gaisuwa da "to" ba. Haka aka tarbiyyantar da mu da suruki.) Ga shi kuma yabon nan ya shige min kai. Tsafta da lura! Kwana biyu ina nanata shi ina murmushi ni kaɗai.

Satin farko a yawo da ita na ƙare shi. Na ɗora ta saman durowar kaya, sai na tuna ɓera. Na tura ta ƙarƙashin gado, sai na tuna gara. Na sa ta a akwati, sai na ga kamar warin kafur zai kama ta. A ƙarshe na cusa ta ƙarƙashin filo ta wajen bango, inda hannuna zai riƙa taɓa ta.

Hanifa tana wata tara a lokacin, haƙori na yi mata ƙaiƙayi, duk abin da ta samu sai baki. Wata rana ina bakin famfo ina ɗauraye kwanuka, sai na ji ta ƙwalla ƙara. Da gudu na shiga, na tarar ta jawo sarewar daga tsumman da na naɗe ta da shi, ta tsotsi bakinta, ta yamutse fuska yawu na zuba. Na lasa in ji. Ɗaci! Irin wanda ke maƙalewa a maƙogwaro. Na wanke mata baki, na ba ta nono, na kira babanta a waya.

"Ke, maɗaci ne fa," ya ce. "Magani ne ma. Don Allah ki bar ni, ina da fasinja."

Hanifa ta huce cikin minti biyar, ta koma cin gefen zanena. Ni ce ban huce ba. Na zauna ina juya sarewar ina tunani. Wannan abin Baba zai kai bakinsa, tsohon da bai gama warkewa daga aiki ba. Ga ɗaci, ga gawayi, ga gumin hannu, ga yawun Hanifa. Ni kuma na san abin da ake yi wa sabon abu mai ɗaci. A gidanmu na Ƙofar Wambai, duk ranar da Ummata ta sayo sabuwar ƙwarya ko ludayi, sai ta jiƙa su a ƙasari, wato ruwan da aka tsame gero daga ciki, su yi kwana uku, ta dirje su, ta shanya a rana. Ɗacin ya fita tas. Tun ina ƙarama ni nake taya ta. Sai na ga ai ga hanyar da zan nuna wa Baba bai yi kuskuren yabo ba. Zai zo ya tarar da sarewarsa fes, ya juya wajen ɗansa ya ce, ban faɗa maka ba?

Ban gaya wa kowa ba, don so nake abin ya zama ba-zata. Na tara ƙasarin geron kokonmu a bokiti, na tsoma ta. Ta ƙi nutsewa, sai na danne ta da dutse. Kwana uku cif. Da na tsamo ta, ta yi nauyi, ta kumbura, tana warin tsami. Na dirje ta da soso da sabulu har alamar gawayin nan ta fita (a lokacin murna na yi, na ce dauɗa ce ta tafi). Sannan na taka turmi na ɗora ta a kan kwanon rufin kicin, a tsakiyar bazara, lokacin da kwanon nan ko ƙwai ka fasa a kai zai soyu.

Washegari da azahar ina wanke-wanke, sai na ji "ƙas!" daga sama, kamar an karya kara. Na taka turmi na duba. Ta tsage tun daga gindi har ta wuce huda ta farko, tsagar da farcena ke shiga. Ta kuma ɗan lanƙwashe kamar ayaba.

Na sauko da ita, na zauna a kan turmin nan. Mai hankali a nan za ta jira mijinta ta faɗa masa. Ni sai na zura hijabi, na ɓoye sarewar a ciki, na nufi shagon Maman Ebere, wata Ibo da ta fi shekara ashirin tana sayar da kayan masarufi a bakin layinmu.

"Maman Hanifa, lafiya? Fuskanka kamar an kore ka," in ji ta.

Na ce gam nake so, mai ƙarfin nan da ke kama komai.

"Me ka fasa?"

Na ɗan buɗe hijabi na nuna mata. Ta gyara tabarau, ta duba, ta dafe ƙirji.

"Ba wannan ne na Baba ba, da yake zama da shi a ƙofa? A'a, wannan ba aikin gam ba ne o. Ka faɗa ma mijinka yau yau."

Na ce, "Ke dai ba ni." Ta miƙo min tana girgiza kai.

A gida na yi dabara, wai kada gam ya zuba ciki ya toshe hanyar iska. Na yago ƙyalle daga ragowar atamfar ankon bikin da tela ya dawo min da ita, na tura shi ciki da tsinken tsintsiya. Na tsiyaya gam a tsagar, na matse da hannu biyu. Yatsuna suka manne, sai da na bar fata a wurin kafin na ƙwace su. Da ya bushe na ja ƙyallen, rabi ya fito, rabi ya zauna. Na gwada busawa ban ji komai ba, amma da ma can ban iya busa sarewa ba, don haka na ce laifin bakina ne.

Saura layin gam, wanda ya fito fari yana ƙyalli tun daga nesa. Sai na tuna na taɓa ganin sarewar babbar yayar mijina a gidanta, ja-ja ce mai duhu. (Ban san shekaru da mai da gogar hannu ne suka mai da ita haka ba. Na ɗauka rini ne.) Na kwaɓa lalle, na shafe ta kaf, na naɗe ta da leda kamar yadda muke yi wa ƙafa, na bar ta ta kwana. Da safe ta fito jawur. Gam ɗin ne kawai ya ƙi karɓar lalle. Da can fari ne a kan fari, yanzu ya zama fari a kan ja.

Daga nan na shiga zaman kame-kame. Da sati shida suka cika, Baba ya aiko a kai masa. Baban Hanifa ya dawo da saƙon, washegari na bar shi ya fita, na ce mantawa na yi. Karo na biyu na ce jikin Hanifa da zafi, hankalina ba ya wurin komai. Lafiyarta ƙalau, tana ta rarrafe. Mijina ya dube ni ya ce, "Ke wai me ke cin ki ne? Duk kin rame." Na ce shayarwa ce. A ƙarshe Baba ya ce ba komai, in zo da ita da safen ranar biki, huda ɗaya da shafa mai ba za su wuce awa guda ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. A kwanakin nan, Allah Ya yafe min, har fata na riƙa yi kada idon Baba ya washe sosai sai bayan biki. Ba wai ya makance ba, a'a, ya dai ɗan riƙa gani dishi-dishi na sati biyu. Sai ga Baban Hanifa ya dawo daga Miri yana washe baki, ya ce, "Alhamdu lillahi! Yau Baba da kansa ya zura zare a allura." Na ce alhamdu lillahi a fatar baki.

Ranar Asabar da hantsi muka isa Miri. Tsakar gida ta cika da mata, kowa cikin anko, atamfa shuɗiya mai zanen ganye. Ana ta suyar masa a tanda uku. Mai kula da ƙullun ita ce Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, wadda bakinta bai taɓa raga wa kowa ba. Baba yana gefe a gindin rumbu a kan tabarma, ya hura ɗan gawayi ya sa ƙarfen huda a ciki, ga gwangwanin man kaɗanya da gashin kaza guda ɗaya a gabansa. Auta ma ta fito daga ɗaki da mayafi a ka, hannuwanta sun sha lalle, wai tana so ta ga tata.

Na durƙusa, Hanifa a bayana, na miƙa masa da hannu biyu. Niyyata in sulale in shige ɗaki, amma Gwaggo ta ajiye robar ƙullu a hanya, mata sun tare ko'ina.

Baba ya warware tsumman. Ya juya ta, ya sake juyawa. Ya kai ta hanci ya sunsuna.

"Yaya, wannan fa?" in ji Gwaggo. "Sarewar ma gidan ƙunshi aka kai ta?"

Mata suka fara ƙyalƙyala dariya. Baba bai ce komai ba sai "Ikon Allah." Ya bi farin layin nan da ɗan yatsa tun daga gindi. Ya nemi alamar gawayinsa bai gani ba. Sannan ya kai ta baki ya busa. Kumatunsa suka kumbura, shiru. Ya sake busawa har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Malam, a hankali, idonka fa!" surukata ta faɗa daga bakin murhu.

Ya ɗaga sarewar sama ya leƙa cikinta da ido ɗaya. Ya ɗauki tsinke ya zungura, ya zungura, ya ja numfashi ya busa da ƙarfi. Sai ji muka yi "fut!" Wani abu ya fito a guje ya faɗa tsakiyar ƙullun masa.

Gwaggo ta tsamo shi da ludayi, ta ɗauraye, ta baza a tafin hannunta. Ta dube shi, ta dubi zanen jikinta, ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

"To, jama'a, ashe har da ita a anko. Shuɗi mai ganye, ga shi nan. Wa ya ɗinka mata?"

Wata ta ajiye cokalin juya masa ta riƙe ciki. Wata har da zama a ƙasa. Ba wanda ya tsaya neman mai laifi, don kowa ya san hannun da aka ba ajiya. Duk idanu suka dawo kaina. A nan ne na yi wa Baba magana mafi tsawo tun da aka kawo ni gidansu, kuma a gaban mata sun fi hamsin. Na faɗi komai: Hanifa ta lasa, na ji ɗaci, na jiƙa a ƙasari.

"Kwana nawa?" in ji Gwaggo.

"Uku."

"Uku! Sannan?"

"Na shanya a kan kwano."

"A bazarar nan? Ci gaba, muna jin ki."

Na faɗi gam, na faɗi ƙyalle, na faɗi lalle da leda. Duk gaɓar da na kai sai an yi salati a kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta so ta kare ni, ta ce, "Ai gaskiyarta, ƙasari yana cire ɗaci." Gwaggo ta ce, "Na ƙwarya ba. Ko fura za a dama da ita?"

Ina cikin wannan na lura mutum ɗaya ba ta dariya. Auta ce. Ta matso gaban tabarmar ta ce a hankali, "Baba, za ta busu kuwa?" Baba ya ci gaba da juya sarewar a hannunsa. Ta ce, "Duk yayyena an busa musu." Ta ja mayafinta ta koma ɗaki. Dariyar da aka yi min duka ba ta kai wannan ciwo ba. Sai a lokacin na tuna shekara biyu itacen ya yi yana bushewa, kuma babu wani a rufin ɗakin Baba.

Aikin awa ɗaya ya koma na yini. Baƙi suna sallama a waje, ana neman uban amarya, shi kuwa yana gindin rumbu. Ya kankare gam ɗin da wuƙa, ya narka kakin zuma ya cika tsagar, ya naɗe wurin da siririyar fata ya ɗaure tamau. Ya auna wurin huda ta huɗu da yatsunsa, ya ƙona ta. Ya tsoma gashin kazar nan a man kaɗanya ya zura ciki a hankali, ya goge bayanta da abin da ya rage a hannunsa. Ni ina rakuɓe a bayan rumbu kamar kazar da ruwa ya daka. Sai ya kira ni.

"'Yar nan, itacen da ba a shafa wa mai ba, ba ya son ruwa, ba ya son rana. Inuwa yake so, da a ƙyale shi. Ɗacin nan kuwa shi ke hana ƙwaro cin sa. Shi kika yi kwana uku kina cirewa."

Na ce, "To, Baba." Hawaye na zuba.

"Da kin tambaye ni. Ni ba na cizo."

Bayan la'asar aka fito da amarya. Baba ya tsaya a ƙofar gida da jar sarewarsa mai ɗaurin fata, ya busa. Ta busu, amma muryarta a dishe take, kamar ta mai mura, kuma duk lokacin da ya sauko ƙasa sai iska ta tsere ta gefe. Ya busa har ƙarshe, bai tsallake komai ba. Auta tana ta kuka kamar yadda amare ke yi, ni kuma har yau ban san nawa ne rabona a cikin kukan ba. Ta yi sati uku ba ta ɗaukar wayata. Ranar da ta ɗauka ta ce, "Matar Yaya, na yafe miki. Amma ko cokali ba zan ba ki ajiya ba."

Abin da na koya bai da yawa. Na guji tambaya ɗaya a gaban tsoho ɗaya don kunya, na ƙare da amsa tambayoyin Gwaggo Asabe a gaban gida guda. Tun daga ranar na ɗauki alƙawari duk abin da ban sani ba zan tambayi Baba. Kuma ina cikawa. Ya ba ni buhun gyaɗa, na tambaya a ƙasa za a ajiye ko a kan katako, a buɗe ko a ɗaure, bakin ya kalli gabas ko yamma. Ya aiko da zuma, na kira shi sau uku a yini ɗaya. Zuwanmu Miri na ƙarshe, ina yin sallama na hango shi ya yi maza ya kishingiɗa ya rufe ido, carbinsa bai ma gama motsi ba. A hanyar dawowa Baban Hanifa ya ce Baba yana gaishe ni, kuma wai in akwai hali in ɗan dawo da kunyar, ko da rabi ce.